Ƙara wa Mota Mai Turbo Ƙarfi: Tambayoyi da Amsoshi

Yawancin misalan da ke ƙasa na injin Volkswagen mai lita 2.0 ne, wanda ke cikin Golf GTI da wasu Audi A3 da A4, domin da wuya a sami injin turbo da aka yi wa gyare-gyare kamarsa, kuma an san inda yake karyewa. Amma ƙa'idar ɗaya ce ko motarka BMW 335i ce ko Mercedes C300.

Daga ina ƙarin ƙarfin yake fitowa, tunda injin bai ƙara girma ba?

Daga iska. Injin yana ƙona fetur gwargwadon iskar da ta shiga silinda. Turbo fanka biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin salansa yana juya ta farko, ta biyu kuma tana danna iska cikin injin. Idan matsin ya kai bar 1, wato psi 14.5, a lissafi silinda ta sami ninkin iskar da za ta zuƙa da kanta. A zahiri ba ta kai haka, saboda iskar da aka danna tana yin zafi, iska mai zafi kuma ba ta da nauyi.

Kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos, ita ke yanke yawan matsin, da yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Kamfani yakan bar rata mai yawa saboda zai sayar da motar a ƙasashe masu mai iri-iri, ga garanti a wuyansa. Tiyunin shi ne sake rubuta waɗannan lambobi a cinye wani ɓangare na ratar. Shi ya sa mota mai turbo kan ƙaru da kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari da manhaja kawai, alhali injin da ba shi da turbo da ƙyar ya ƙaru da kashi 5. Abin da ya kamata ka riƙe: ratar da ake cinyewa ita ce ke kare injin daga mai mara kyau da zafin rana.

Mene ne mataki na 1, na 2 da na 3?

Sunaye ne na 'yan kasuwa, babu hukumar da ta tsara su. Mataki na 1 manhaja ce kawai. Na 2 manhaja ce haɗe da faffaɗan bututun farko na salansa, wanda ke manne da turbo, da babbar intakula, wato abin da ke sanyaya iskar da turbo ya danna. Na 3 sauya turbo ɗin ne gaba ɗaya.

Golf GTI ta bakwai, wato samfuri na bakwai a jerin fitowarta, ta fito da ƙarfin doki 220 da ƙarfin murɗa Nm 350, da turbo IS20. A mataki na 1, da mai mai kyau, tana kaiwa wajen doki 280 zuwa 300. Idan aka ɗora mata IS38 na Golf R, wanda ke zama a mazaunin IS20 ba tare da yanka ko walda ba, ana haura doki 350. GTI ta biyar mai doki 200 da turbo K03 takan tsaya wajen 240 zuwa 250 a mataki na 1.

Na ga manhaja mai lamba 91, man gidan mai ma 91 ne. Ke nan sun dace?

A'a, kuma wannan kuskuren ya fi kowanne cin injina. Lambar ta okten ce, wato yadda fetur ke jure matsi da zafi ba tare da ya fashe da kansa ba, kuma ma'auninsa iri biyu ake rubutawa a gidajen mai na duniya. Turai da Afirka suna amfani da RON. Amurka da Kanada suna rubuta AKI a jikin famfo, wanda lambarsa ke ƙasa da RON da maki huɗu zuwa shida ga mai iri ɗaya. Man Amurka mai 87 daidai yake da RON 91 ko kusa. Mai 91 nasu wajen RON 95 ne, mai 93 kuma wajen RON 98.

Kamfanonin tiyunin na Amurka irin su APR da Cobb da lambar AKI suke kiran manhajojinsu. Fetur ɗin da ake sayarwa a yawancin gidajen mai na Najeriya wajen RON 91 yake, wato matsayin 87 na Amurka. Duk wanda ya loda manhajar 91 ko 93 ya zuba wannan man, ya sa injin yana neman okten da ba zai samu ba. A Ghana akwai gidajen mai masu sayar da RON 95, don haka mai mota a Kumasi yana da zaɓin da na Kano ba shi da shi.

Mafita ɗaya daga uku: a nemi manhajar da aka rubuta don 87 AKI, ko a sami mai tiyunin ya rubuta ta musamman bisa bayanan motarka da man garinku, ko a ƙara feshin ruwa da methanol. Ƙarin da za ka samu zai yi ƙasa da abin da ka gani a talla. Karɓe shi a haka.

Ga kuma ingancin man kansa. A Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da kima cikin Najeriya, motoci da dama suka lalace. Man bumburutu na galan a bakin titi ba wanda ya san abin da aka gauraya masa. Motar da aka yi wa tiyunin ba ta shan irinsa.

Mene ne ƙwanƙwasa, kuma ita ce abin da kanikawa ke cewa "injin ya buga"?

Ba ita ba ce, ko da yake ɗaya kan haifi ɗaya. "Injin ya buga" ana nufin metal ya cinye, kwanrod na dukan kiranshaf. Ƙwanƙwasa kuwa a cikin ɗakin ƙuna take faruwa: fulogi ya kunna wuta, kafin harshen wutar ya isa gefen silinda, ragowar mai da iska sun fashe da kansu saboda zafi da matsi. Fashewar tana dukan kan fistin kamar guduma. Ƙararta kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, amma a motar zamani sau da yawa ba za ka ji ba, domin sensa tana jin ta kafin kunnenka, birenbos kuma ya jinkirta wutar fulogi.

Wannan kariyar tana da iyaka. Jinkirin digiri 1 zuwa 2 jefi-jefi a silinda ɗaya ba komai ba ne. Digiri 3 zuwa 4 a duk silinda, duk lokacin da aka taka, alama ce manhajar ta fi ƙarfin man. Daga 6 zuwa sama a ɗaga ƙafa. Abin da ke fara karyewa shi ne siririn bangon fistin da ke tsakanin ringi na farko da na biyu. Alamarsa: silinda ɗaya ta rasa matsi, mota na fitar da shuɗin hayaƙi, tana rawa a silo.

Akwai wata ƙanwarta da ta fi ta mugunta a injina masu fesa mai kai tsaye cikin silinda. Tana zuwa idan aka danna totur ƙasa a babbar giya injin yana wajen juyi 1,500 zuwa 2,000: man ya kama wuta tun kafin fulogi ya kunna. Sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa kwanrod. Maganinta a rage giya kafin a taka, a kuma yi amfani da baƙin mai mai alamar API SP ko SN Plus, waɗanda aka tsara saboda wannan matsalar.

Me zan duba kafin in taɓa manhaja?

Tiyunin ba ya warkar da mota. Abin da ke da rauni yana fasa shi ne. Motar tokumbo da ta biyo ta Kwatano, ba ka san tarihinta ba, kuma lambar da ke kan mita ba shaida ba ce.

A fara da gwajin matsin silinda injin yana da ɗumi. Bambanci tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni kada ya wuce kashi 10. Sai gwajin yoyon iska: a cire bututun da ke shiga turbo, a toshe shi da marfi mai bawul, a hura iska zuwa wajen bar 1, a bi duk mahaɗa da ruwan sabulu. Ƙaramar ɓula tana sa turbo ya ninka wahala don ya cika abin da aka nema. A karanta birenbos da na'urar gano matsalar mota, irin VCDS ko OBDeleven. Lambar P0299 na nufin matsi bai kai ba, P0234 ya wuce kima, P0087 matsin mai ya faɗi, P0300 zuwa P0304 silinda na tsallake wuta. Ba a goge su a ci gaba, gyarawa ake yi.

Kowane injin da inda yake ciwo. A GTI ta biyar akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe tsakanin kamshaf da babban famfon mai. Yana cinyewa, idan ya huje sai ya ci kamshaf ɗin. Cire shi a duba bai kai awa ɗaya ba. Bawul ɗinta mai mayar da iska na roba ne kuma yana yagewa, a sa sabon samfuri mai fistin. A ta shida, abin ɗaure sarƙar taimin na farko-farko yana saki, sarƙa ta tsallake haƙori, bawul su haɗu da fistin. A ta bakwai gidan tamostat da famfon ruwa ne ke yoyo. BMW mai injin N54 an san ta da mutuwar babban famfon mai da fashewar bututun iska na roba da zarar an ƙara matsi. Duk injin da ke fesa mai kai tsaye kuma yana tara baƙin gawayi a bayan bawul ɗin shiga, saboda fetur ba ya wanke wurin. Wajen kilomita 80,000 zuwa 100,000 yakan buƙaci a buɗe a kankare.

Bakanikena ya cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, ya ce saboda zafin ƙasarmu. Daidai ne?

Ba daidai ba ne, a mayar. Birenbos yana lissafin mai bisa zafin ruwa na wajen digiri 90. Idan injin bai kai nan ba sai ya ci gaba da zuba mai da yawa, man ya wanke bangon silinda ya sauka cikin baƙin mai. Haka zuba ruwan rijiya zalla a lagireto: yana tafasa da wuri, yana tsatsa, yana toshe siraran hanyoyin da ke sanyaya tsakiyar turbo. A sa ruwan lagireto irin wanda kamfani ya ce, rabi da rabi da tataccen ruwa. Baƙin mai 20W-50 da ake zuba wa kowace mota shi ma ba na wannan injin ba ne. Ga waɗannan GTI, 5W-40 mai amincewar VW 502 00, lita 4.6 a ta biyar da ta shida, 5.7 a ta bakwai, a juye duk kilomita 5,000 zuwa 7,000.

Wane kaya zan fara saya?

A ƙasa mai zafi, intakula, tun kafin salansa. Ga dalili. Iskar da ta shiga turbo da zafin digiri 40, aka danna ta zuwa bar 1.2 ko sama, tana fitowa da zafin da ya haura 150. Intakula ce ke sauke shi, kuma ba za ta taɓa saukewa ƙasa da zafin waje ba. Mai kyau takan bar iskar da digiri 10 zuwa 15 sama da na waje. A Sakkwato ko Maiduguri cikin Afrilu, rana na 42, ko da babbar intakula iskar da ke shiga injin tana wajen 55. Da ta kamfani, bayan taku biyu ko uku a jere ta haura 70. Kowane ƙarin digiri 10 yana rage nauyin iska da kusan kashi 3, yana kuma matso da ƙwanƙwasa. Shi ya sa mota ke tashi kamar aljana da asuba, da azahar ta zama raguwa.

Tudu ma yana da nasa. A Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, matsin sararin sama bai kai bar 0.9 ba, don haka turbo sai ya ƙara gudu ya kuma ƙara zafi kafin ya kai matsin da yake kaiwa a Legas.

Bayan intakula sai fulogi. A sa mai sanyi da mataki ɗaya, a rage tazarar bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.65, domin matsi mai yawa yana hana tartsatsi tsallaka faffaɗar tazara. A lura: a NGK babbar lamba ce mai sanyi, a Bosch ƙarama ce. A sauya duk kilomita 20,000 zuwa 25,000. Kwayil da ya tsufa shi ne farkon abin da ke tona kansa bayan tiyunin.

Buɗaɗɗiyar filtar iska mai kamar mazurari kuwa, ƙara take bayarwa fiye da ƙarfi. Tana zuƙar iskar cikin bonet mai zafi, kuma lokacin hunturu tana barin ƙura ta wuce ta goge fukafukan turbo da ke juyi sama da 150,000 a minti. Akwatin kamfani da sabuwar filtar takarda ya wadatar har mataki na 2.

In cire indomi?

Abin da ake kira indomi, wato matatar hayaƙi da ke cikin salansa, yana rage gudun hayaƙi, cire shi yana sa turbo ya tashi da wuri. Amma hayaƙin zai yi wari ya kuma cutar da na bayanka, fitilar injin za ta kama da P0420, a Turai da Amurka kuma laifi ne a kan titi. Matsakaiciyar hanya ita ce bututu mai inci 3 da matata mai faɗin ƙofofi, mai sel 200. Abu mafi muhimmanci: motoci da yawa an riga an sace musu indomi tun kafin su iso hannun mai su. A leƙa a tabbatar, a gaya wa mai tiyunin, domin rashinsa yana canza yadda matsi ke tashi.

Giyabos zai ɗauka?

Ƙarfin murɗa ne ke kashe giyabos, ba ƙarfin doki ba. DSG, giyabos na otomatik na Volkswagen, mai giya shida, DQ250, an tsara shi don wajen Nm 350; yana ɗaukar fiye da haka idan an yi wa tasa kwamfutar tiyunin ta ƙara matse kulocin, ana kuma juye mansa da filta duk kilomita 60,000 ko ƙasa. DQ200 mai giya bakwai da busasshen kuloci, na ƙananan injina 1.4 da wasu 1.8, iyakarsa Nm 250, ba shi da rata sosai. Kulocin GTI ta bakwai mai giyar hannu yakan fara sulɓewa ba da daɗewa ba bayan mataki na 1. Za ka gane idan ka taka a giya ta biyar juyi ya tashi gudu bai ƙaru ba. Motoci masu CVT, wato otomatik marar matakan giya, irin Honda Accord mai 1.5 turbo, a bar su yadda suke ko a yi ɗan kaɗan.

Yaya ake loda manhajar, me ke iya lalacewa?

Ta soket ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, yawanci. Kafin komai a adana kwafin manhajar asali a wuri biyu. A haɗa batir da caja mai riƙe wuta sama da volt 13, a kashe fitilu da AC. Idan wuta ta faɗi ana tsakar rubutu, birenbos na iya mutuwa, sai an ciro shi an farfaɗo da shi a kan tebur. Kada a dogara da wutar NEPA a wannan aikin: kwamfutar hannu a cike, caja kuma a kan inbata ko janareto.

A guji fayil ɗin da aka kwafo daga wata mota aka sayar da arha. Lambar manhajar birenbos tana bambanta ko a mota iri ɗaya, shekara ɗaya. Wasu irin waɗannan fayiloli ma an kashe musu kariyar ƙwanƙwasa da ta zafin hayaƙi don mota ta ji da ƙarfi a gwajin farko.

Akwai kuma akwatin da ake maƙalawa a wayoyin sensa, kamar JB4. Yana yaudarar birenbos ya ga matsi ƙasa da na gaskiya. Amfaninsa ana iya cire shi, kariyar kamfani kuma tana nan. Ga mai fama da mai mara tabbas, akwatin a ƙaramin saiti ba mummunan zaɓi ba ne.

Ta yaya zan san tiyunin ɗin lafiya yake?

Da rikodin bayanai, ba da jin jiki ba. Injin ya yi ɗumi, a sa giya ta uku, daga juyi 2,500 a danna totur ƙasa har wajen 6,500, na'ura tana naɗa. Wannan zai kai ka kusan kilomita 140 a awa, don haka wurinsa kan daino, na'urar da ake ɗora mota a kai a gwada ƙarfinta tana tsaye, ko rufaffen fili, ba titin da babura da shanu ke tsallakawa ba. A yi sau uku a jere, da rana tsaka, da man da ka saba sha.

A duba matsin da aka nema da wanda aka samu, su bi juna. A duba jinkirin wuta na kowace silinda. Lambda, ma'aunin haɗin iska da mai, a cikakken totur ta zauna wajen 0.78 zuwa 0.82, wato iska kashi 11.5 zuwa 12 ga mai kashi ɗaya. Idan ta doshi 0.9 a sama, mai ya yi kaɗan, fistin zai yi zafi. Matsin babban famfon mai kada ya faɗi ƙasa da abin da aka nema. A GTI ta biyar wajen bar 110 ne, kuma faɗuwarsa a tsakiyar juyi ita ce alamar famfon ya kai iyakarsa. Sai zafin iskar shiga, daga taku na farko zuwa na uku.

Ruwa da methanol fa, da magungunan ƙara okten na kwalba?

Feshin ruwa da methanol rabi da rabi cikin bututun iska bayan intakula yana sanyaya iska yana kuma danne ƙwanƙwasa sosai. Haɗarinsa: idan an rubuta manhaja ta dogara da shi, tanki ya ƙare ko bakin feshi ya toshe, injin ya rasa kariya nan take. Dole a haɗa shi da abin da zai sauke matsi da kansa idan feshi ya tsaya. Tataccen ruwa kawai ake zubawa.

Na kwalba, yawancinsu idan sun ce "maki 5" suna nufin 0.5. Masu aiki da gaske galibi suna da sinadarin MMT, wanda ke rina fulogi ja-ja yana kuma gajiyar da sensar salansa.

Motar dizal, irin Hilux?

Ba ta da matsalar okten, zafin hayaƙi ne abokin gabarta. Ƙarin mai ba tare da ƙarin iska ba shi ke kawo baƙin hayaƙi da tsagewar fistin. A sa ma'aunin zafi kafin turbo, kada a zauna sama da wajen digiri 700 zuwa 750, musamman da kaya a hawan tudu ko cikin yashi.

Birki da taya?

Mota mai doki 300 tana isa kwana da gudun da ba ta saba ba. A sa fad mai jure zafi, a juye man birki zuwa sabon DOT 4 mai kyau ko DOT 5.1, kada a zuba DOT 5 domin na silikon ne ba ya gauraya da su. A karanta shekarar taya a gefenta, lambobi huɗu, mako da shekara: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar Beljiyam da ta haura shekara shida, komai kyan zanenta, ba ta da wuri a ƙarƙashin wannan motar a kan kwalta mai zafi.